Yadda Ake Karanta Sharuɗɗan Digiri a Fannin Zane, Tarihin Fasaha da Dizayin

Kafin ɗalibi ya cike takardar neman shiga kowace jami'a domin karanta zane, tarihin fasaha ko dizayin, abu na farko da ya kamata ya nema shi ne kundin da sashen ya jera kwasa-kwasansa da sharuɗɗan kammala digiri. Hotunan ɗakunan aiki da na ɗalibai riƙe da buroshi da ake sanyawa a tallar makaranta suna da daɗin kallo, amma wannan kundi ne kaɗai zai gaya masa yadda za a raba masa shekaru uku ko huɗu na rayuwarsa tsakanin aikin hannu, karatu da rubutu. Fannonin nan uku sukan zauna a tsangaya ɗaya, wani lokaci ma a sashe ɗaya, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukar su a matsayin Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Da zarar an duba lissafin awanni sai a ga cewa hanyoyinsu sun rabu.

A fara da sunan digirin, domin haruffan da ke jikinsa suna da ma'ana. A Amurka, digiri na farko yakan ɗauki shekara huɗu da kiredit (ma'aunin nauyin kowane kwas) kusan 120, wato kimanin 15 a kowane zangon karatu. Wanda ya shiga digirin BFA (Bachelor of Fine Arts), wanda aka tsara domin mai son zama ƙwararren mai zane ko mai dizayin, kusan kashi 65 cikin ɗari na karatunsa zai tafi ne a fannin fasaha, bisa ma'aunin hukumar NASAD mai tantance irin waɗannan makarantu a can. Wanda kuwa ya shiga digirin BA (Bachelor of Arts) a fannin zane, abin da zai ba fasaha bai cika wuce kashi 30 zuwa 45 ba, ragowar kuma ya tafi a kan harshe, tarihi, kimiyya da sauran darussan gama-gari. Babu wanda ya fi wani daraja a tsakaninsu. Mai son haɗa zane da wani fanni, kamar nazarin halayyar ɗan Adam ko kasuwanci, BA ne zai ba shi sarari, mai son ya wuni a ɗakin aiki kuma BFA ne nasa. A Ingila digirin shekara uku ne da kiredit 360, a Sikotilan shekara huɗu, kuma ɗalibi yana shiga fanninsa kai tsaye ba tare da darussan gama-gari masu yawa ba. A yawancin ƙasashen Turai ana lissafi da tsarin kiredit na ECTS, inda shekara ɗaya take daidai da kiredit 60, digiri na farko kuma ya kama daga 180 zuwa 240. Kada a kwatanta waɗannan alƙaluma kai tsaye, domin kiredit ɗaya na Amurka ya fi na Turai nauyi.

Sai maganar shiga. Ga mai neman tarihin fasaha, sakamakon jarrabawa da iya rubutu su ne jarinsa, kuma da wuya a tambaye shi ko ya iya riƙe fensir. Ga mai neman zane ko dizayin kuwa, sakamako mai kyau ba ya wadatarwa sai an haɗa da kundin ayyuka, wanda ake kira fotfoliyo. Yawancin makarantu suna neman ayyuka tsakanin goma zuwa ashirin, kuma a nan ne masu nema suka fi yin kuskure. Mutum zai tattara zanen fuskokin da ya kwaikwaya daga hotuna, kowanne sumul kamar an ɗauka da kyamara, yana zaton gwaninta ya nuna, alhali masu tantancewa sun ga irinsu bila adadin. Abin da suke nema shi ne zanen da aka yi ana kallon abu a zahiri. A ajiye kujera a tsakiyar ɗaki, a zauna da gawayi da takarda, a zana sararin da ke tsakanin ƙafafunta maimakon ita kanta kujerar, a lura da yadda ƙafar da ke nesa take gajarcewa a ido da yadda inuwa take kwanciya a ƙasa. Zane irin wannan, ko da layinsa ya karkace kuma an ga wurin gogewa, ya fi nuna cewa mai shi yana kallo da tunani. A haɗa da shafuka daga littafin gwaje-gwaje, waɗanda ke nuna yadda tunani ya faro, inda ya lalace da yadda aka gyara shi. Mai neman dizayin ya ƙara da aiki ɗaya ko biyu da ke warware wata matsala, kamar sake tsara alamar da ke nuna hanya a wani gini domin baƙo ya gane ta da kallo ɗaya.

Kowace makaranta tana da ƙa'idarta game da girman hoto, yawan ayyuka da ranar rufe karɓa, kuma ranar miƙa fotfoliyo takan bambanta da ta takardar neman shiga. Wasu suna ba da aikin gwaji na musamman da za a yi a gida, wasu kuma suna kiran mutum ganawa. A makarantun fasaha na Jamus, kundin ayyuka da jarrabawar gwada baiwa suna da nauyi sosai, har akan karɓi wanda bai da cikakkiyar takardar shiga jami'a idan baiwarsa ta yi fice. A Birtaniya ɗalibai da yawa sukan yi shekara guda ta share fage tsakanin sakandare da jami'a, inda suke taɓa fannoni daban-daban kafin su tsayar da ɗaya. Wanda zai yi karatu da harshen da ba nasa ba, akwai kuma jarrabawar harshe, irin su IELTS da TOEFL ga masu koyarwa da Ingilishi.

Bayan an shiga, shekarar farko ta masu zane da masu dizayin kusan iri ɗaya ce a makarantu da yawa: zane da hannu, tsara abu a kan shafi, gina abu mai tsawo da faɗi da kauri, nazarin launi, da gabatarwa ga tarihin fasaha. Wannan tsari ya samo asali ne daga makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta Jamus a 1919, inda Johannes Itten ya tsara kwas na share fage da kowane ɗalibi zai bi kafin ya shiga ɗakin aikin saƙa, ƙarfe ko katako. An rufe makarantar a 1933, malamanta suka watsu, wasunsu kamar Josef Albers suka tafi Amurka da wannan salo na koyarwa. Ɗalibin da ya shigo da zumuɗin zana manyan hotuna yakan ji haushi idan aka sa shi ya kwashe mako yana yanka takardu masu launi yana jera su, har sai ranar da ya ga launin toka guda ɗaya ya koma kamar launi biyu saboda an ɗora shi a kan ja a gefe ɗaya da shuɗi a ɗaya gefen. Daga ranar ne yake daina raina darasin.

Akwai wani lissafi da kundin sharuɗɗa ba ya fitowa fili ya faɗa, kuma shi ne ya fi kayar da ɗalibai. Kwas na lacca mai kiredit uku yakan zauna awa uku a mako, amma kwas na ɗakin aiki mai kiredit uku yakan zauna awa shida, ban da awannin da za a koma da yamma ko da dare domin ƙarasa aiki. Yumɓu ba ya bushewa don ana sauri, fentin mai yakan ɗauki kwanaki kafin a iya ɗora wani a kansa, kuma murhun gasa tukwane da injin ɗab'i layi ake bi. Saboda haka wanda ya ɗauki kwas huɗu na ɗakin aiki a zango guda, yana ganin kiredit goma sha biyu ne kacal, ya ɗauko wa kansa Dala ba gammo. Biyu ko uku a zango, a haɗa da na lacca, shi ne abin da mutum zai iya ɗauka ba tare da aikinsa ya lalace ba.

Yadda ake ba da maki a ɗakin aiki shi ma yana buƙatar shiri. Maimakon jarrabawar zama a rubuta, ana kafe ayyukan kowa a bango, malami da ɗalibai su tsaya a gabansu, mai aikin ya yi bayani a taƙaice, sannan a shiga faɗin abin da ya yi daidai da abin da bai yi ba. Wani zai ce idonsa yana zamewa ya fita ta kusurwar hagu domin babu abin da ya tsayar da shi, wata ta ce rubutun da ke ƙasa ya yi ƙanƙanta har ba ya karantuwa daga taku uku. Halartar wannan zama da yin magana a cikinsa suna cikin maki, kuma yawancin sassa suna rage sakamakon wanda ya yawaita fashi. A jami'o'i da dama akwai kuma tantancewa a ƙarshen shekarar farko ko ta biyu, inda kwamitin malamai zai duba duk abin da ɗalibi ya yi kafin a ba shi izinin ci gaba a BFA ko a reshen dizayin da ya zaɓa, musamman inda kujeru suka yi kaɗan. Don haka kada a zubar da aikin shekarar farko komai muninsa a idon mai shi. A ɗauki hotonsa a haske mai kyau, a rubuta girmansa da kayan da aka yi shi da su da kwanan wata, a adana.

Tarihin fasaha karatu ne na ido da alƙalami. Tsarinsa yakan fara da kwas ɗaya ko biyu da ke bi ta kan tarihin duniya a gurguje, daga zanen kogo zuwa na zamani, sannan a buƙaci ɗalibi ya ɗauki kwasa-kwasai daga zamuna da yankuna daban-daban domin kada ya maƙale a wuri ɗaya: wani abu daga zamanin da, wani daga Turai ta ƙarni na 15 zuwa na 18, wani daga Afirka, Asiya ko duniyar Musulunci, wani daga ƙarni na 20. Akwai kwas na hanyoyin nazari, wanda ɗalibai suke tsoro amma shi ne ƙashin bayan digirin, domin a nan ake koyon bambanci tsakanin bayyana siffar aiki, fassara alamomin da ke cikinsa, da bin diddigin wanda ya biya kuɗin yin sa da dalilinsa. Salon jarrabawar da aka saba shi ne a haska hotuna biyu gefe da gefe, dabarar da ake dangantawa da masanin tarihin fasaha Heinrich Wölfflin, a ba ɗalibi 'yan mintuna ya faɗi ko mene ne kowanne, daga ina kuma yaushe, sannan ya rubuta abin da kwatanta su ya fito da shi. Haddar sunaye da shekaru tana taimakawa, amma wanda bai koyi tsayawa a gaban aiki guda na tsawon rabin awa yana kallo ba, rubutunsa yakan fito fanko.

Sharaɗin da aka fi mantawa da shi a wannan fanni shi ne harshe. Sassa da yawa suna buƙatar zango biyu zuwa huɗu na wani harshe na waje, kuma mai niyyar digiri na biyu ko na digirgir zai tarar ana son ya iya karanta harshe ɗaya ko biyu, galibi Jamusanci da Faransanci saboda yawan rubuce-rubucen fannin da aka yi da su, ko kuma harshen yankin da yake nazari, kamar Italiyanci, Larabci ko Sinanci. Harshe ba ya koyuwa a zango ɗaya, saboda haka a fara shi tun shekarar farko. Haka nan mai sha'awar aikin gyara da adana tsofaffin kayan fasaha ya sani cewa makarantun da ke koyar da shi a matakin digiri na biyu suna neman kwasa-kwasan kimiyyar sinadarai, waɗanda ba sa cikin jerin wajibai na tarihin fasaha, sai dai mutum ya cusa su a gurbin kwasa-kwasan zaɓi.

Dizayin shi ne ya fi tsauri wajen jeri. Kwasa-kwasansa sarƙa ce: sai an ci na tsara haruffa na ɗaya kafin a shiga na biyu, sai an gama na biyu kafin a taɓa na tsara mujalla ko shafin intanet, kuma sau da yawa kowanne sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Wanda ya faɗi ɗaya ko ya makara wajen rajista, yana iya ƙara shekara guda cur. Yawancin sassa suna kuma gindaya mafi ƙarancin sakamakon da za a karɓa a kwas na wajibi, wanda a tsarin Amurka yakan zama C, ko da jami'a tana ɗaukar abin da bai kai haka ba a matsayin an ci. Ana buƙatar sanin manhajoji irin su Photoshop, Illustrator da InDesign, sai dai a ganina makarantar da jerin kwasa-kwasanta ya cika da sunayen manhajoji abar tuhuma ce, domin manhaja tana canzawa cikin 'yan shekaru, sanin tazara tsakanin haruffa kuwa yana nan. Digirin dizayin da yawa suna wajabta zuwa sanin makamar aiki a wani kamfani na wasu watanni. Zanen gine-gine kuma hanyarsa daban ce, da digirinsa da lasisinsa, kamar yadda koyar da zane a makaranta yake buƙatar takardar shaidar malanta ban da digirin fasaha.

Dabarar da ta fi amfani ita ce a tsara karatu daga ƙarshe zuwa farko. A duba abin da ake buƙata a shekarar ƙarshe, wanda ga mai zane baje kolin ayyukansa ne tare da rubutaccen bayani, ga mai dizayin babban aiki guda da fotfoliyon neman aiki, ga mai tarihin fasaha kuma kundin bincike. A rubuta kwasa-kwasan da dole a ci kafin a kai can, a bi su baya-baya har zuwa zangon farko, a sa alama a kan waɗanda ba a koyarwa kowane zango. Wanda ya sauya sheƙa daga wata jami'a ya tambayi adadin kiredit da dole ya yi a sabuwar kafin ta ba shi digirinta, ya kuma shirya nuna ayyukansa, domin ba a cika karɓar kwas na ɗakin aiki da takardar sakamako kaɗai ba. Sannan a kai wannan tsari wurin malamin da sashe ya naɗa domin ba da shawara, a tabbatar da shekarar kundin da ke aiki a kan ɗalibi, tunda sharuɗɗa suna canzawa kuma galibi na shekarar da mutum ya shiga ne ake bi. Idan malamin ya amince a musanya wani kwas da wani, a nemi ya rubuta ya sa hannu, a ajiye kwafi, domin ofishin da zai tantance kammala karatu bayan shekara uku takarda zai duba.