Yadda na sauya ƙarfen ƙasan ƙofar motata da tsatsa ta cinye

Ranar da na sa jak zan canza taya, ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa ya lotsa kamar gwangwani. Da na tsokane shi da sukudireba, sai ta shige ciki. Wannan ƙarfen yana cikin abin da ke riƙe gangar jikin motar, don haka cike shi da foti, wato ƙullun da ake shafawa a cike lotsawar jikin mota, ba gyara ba ne.

Na fara da cire kan baturi, na ɗage kafet, na janye wayoyi da bututun mai da ke bi ta wajen. Motar na ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe a ƙasa mai tauri, ban yarda da jak shi kaɗai ba. Abin kashe gobara kuma yana kusa da ni.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bakin ƙofa. Kafin na yanka komai, na auna shi, na yi waldar ƙarfe a gicciye, domin in babu wannan tokarin gangar kan sunkuya, ƙofa ta ƙi rufuwa. Gefe ɗaya na gama tukuna na taɓa ɗayan.

Na huda ɗigon waldar kamfani ɗaya bayan ɗaya, na yanke ruɓaɓɓen har na kai ƙarfe mai ƙyalli. Sabon ƙarfen kuwa na matse shi a wurin, na gwada rufe ƙofa, sannan na riƙa walda kaɗan-kaɗan ina tsallakawa, kada zafi ya murɗe shi.

Daga ƙarshe na yi fenti, na fesa kakin hana tsatsa a ciki, na bar ƙofofin zubar ruwa a buɗe, don toshewarsu ce ta jawo ɓarnar tun farko.