Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen haɗa elektrod na sufakafasita da gawayin tsirrai

Kowace shekara sai ɗalibai sun shigo mana ɗakin gwaji a nan Katsina da buhun ƙwallon goruba, ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayin shinkafa, suna son mai da su gawayin da zai ajiye lantarki a sufakafasita, wato na'urar da ke ɗaukar caji da sauri ta kuma sake shi da sauri. Elektrod shi ne ɓangarenta da ke riƙe cajin. Kayan kam ga su a yashe a bakin kasuwa. Abin da ya ishe ni shi ne ganin kuskure iri ɗaya yana dawowa.

Mafi muni shi ne na soson nikel, wato ƙarfen nikel mai huji-huji da ake shafa gawayin a kansa, don shi ya cinye mini wata uku. Na ɗan shafa gawayin goruba a kan soson, abin da bai kai miligiram ɗaya ba, na tsoma a ruwan KOH (sinadarin fotashiyam haidiroksaid), na'ura ta ba ni adadin ƙarfin ajiye lantarki mai tsoratarwa. Har na fara rubuta rahoto. Wata rana na tsoma soson shi kaɗai, ba gawayi ko ƙwaya, sai ga tudu biyu sun fito a zanen da na'urar ke fitarwa. Ashe nikel ɗin ne ke mu'amala da ruwan, ni kuwa ina ta raba ƙarfinsa da ɗan nauyin gawayina! Gawayin tsirrai galibi tsakanin farad 100 da 300 yake bayarwa a kowane giram (farad shi ne ma'aunin ƙarfin ajiye lantarki). In ka zo kana cewa, “Malam, na samu 900,” tambayata ta farko ita ce ina gwajin soso zalla? Ni yanzu ba na karɓar elektrod da bai kai miligiram 5 a kowace murabba'in santimita ba. Na masana'antu ma kusan 10 suke kaiwa. Zanen gawayi na gaskiya kamar akwati yake fitowa, ba tudu.

Sai wanki. Ka gauraya gawayi da KOH, ka gasa a digiri 700 zuwa 800, sannan ka ɗauraye sau biyu da fiya wata ka ce ka gama? Haba! Ƙananan ramukan da ka sha wahala ka buɗe a jikin gawayin don ajiye lantarki, ragowar fotashiyam ta cushe su. A wanke da ruwan asid na HCl mai sauƙi, a bi da tataccen ruwa har pH (ma'aunin tsamin ruwa) ya kai 7, ko da kwana biyu zai ɗauka. Mai aiki da ƙaiƙayin shinkafa kuma ya sani kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa silika ce, ba ta ɗaukar lantarki, sai an fara narkar da ita da sinadarin NaOH (kostik soda).

Wajen gashi kuma, kada a rufe iskar naitirojin da ke hana gawayin ƙonewa don an ɗauke wuta. Tanderu yana da zafi tukuna, iska ta shiga, da safe toka za ka kwashe.

In mannen da ke riƙe gawayin ya yi yawa, sai ya toshe ramuka. Ni kashi 80 gawayi, 10 baƙin kabon, 10 mannen PVDF nake yi.

KOH da damina yana shan laima nan take, sai ka auna ruwa ka ɗauka hoda ce. A rufe kwalba. Da hunturu kuma kada a shanya elektrod a bakin taga, ƙura za ta rufe shi; a sa shi a tanda, digiri 80, ya kwana.