Kalmomin Turanci masu kama da juna: wuraren da aka fi yin tuntuɓe

Sau da yawa ɗalibi ya san kalma sarai, amma idan ya zo rubutu sai ya ɗauko wata mai kama da ita. Kamar kuwa iri uku ce: ta furuci, ta rubutu da ta ma'ana, kuma kowacce da maganinta.

Wadda ta fi kayar da mutane ita ce ta furuci. Their, there da they're duk ɗaya suke a kunne, amma ta farko mallaka take nunawa, ta biyu wuri, ta uku kuma gajarta they are ce. Haka its da it's. Dabarar ita ce a warware kalmar: idan it is ta zauna daidai a jimlar, a sa waƙafin sama, in ba ta zauna ba a bar shi. Wannan rikici yana da asali. Lokacin da William Caxton ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476, furucin Turanci yana tsakiyar sauyawa, sai rubutu ya tsaya cik, baki kuwa ya ci gaba da tafiya. A da ana furta k ɗin da ke cikin knight, kuma meet da meat ba ɗaya suke ba a baki. Don haka kunne ba zai taimake ka a nan ba, sai ido da yawan karatu.

Mu Hausawa muna da ƙarin namu nauyin, kuma abin yana damuna ƙwarai domin ba a cika yi wa yara bayaninsa a aji ba. Hausa ba ta raba p da f, ba ta kuma da v. Shi ya sa pull da full, ko pan da fan, ko boat da vote suke zame mana abu guda, alhali Bature yana jin bambancinsu ƙarara. Gyaran a baki yake. A p leɓɓa biyu ne ke haɗuwa su buɗe da iska, a f kuwa haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka ka ce pan, za ka ga ta yi tsalle.

Masu rubutu ɗaya da furuci daban ba baƙi ba ne a wurinmu. Gari na zama da gari na tuwo duk haka muke rubuta su, kuma ba ma ruɗewa. To haka read take, da live, da wind: jimla ce ke faɗa maka wacce ake nufi.

Sai batun ma'ana. Ƙamus zai jera maka kalmomi ya ce ma'anarsu ɗaya, amma da wuya biyu su yi daidai ta kowace fuska. Famous yabo ne, notorious kuwa shahara ce a mugun abu. Ka ce wa mutum slim ya ji daɗi, ka ce masa skinny ya ɓata rai. Wani lokaci Hausar ce ke biyo mu: da yake muna cewa "ara mini", sai a ji borrow me, alhali mai bayarwa lend yake yi, mai karɓa ne ke yin borrow. Kalmar "ji" ma a Turanci ta rabu zuwa hear, feel da smell.

A jarrabawar JAMB da WAEC, inda ake neman kalma mafi kusa a ma'ana ko kishiya, kada ka zaɓi amsa kafin ka karanta jimlar har ƙarshe. Kishiyar light tana iya zama heavy idan ana maganar kaya, ta zama dark idan launi ake nufi, kuma mai shirya tambaya yakan ajiye duka biyun a cikin zaɓin.