Yadda Ake Samun Turare Mai Ƙamshin Fata da Kayan Yaji a Farashi Mai Sauƙi

Duk Bakanon da ya taɓa ratsa layin dukawa a Kasuwar Kurmi ya san ƙamshin sabuwar fata, wato wannan ƙamshi mai nauyi da ke tashi daga jaka ko takalmi ko sirdin da bai daɗe da barin hannun baduku ba. Shi ne ƙamshin da manyan kamfanonin turare suke gaurayawa da za'afaran da sauran kayan yaji, su ɗura a kwalba, su sa mata kuɗin da ya fi albashin ma'aikata da yawa. Fitattu a wannan fanni su ne Tuscan Leather na kamfanin Tom Ford, wanda ya fito a 2007, da ƙanensa Ombré Leather na 2018. Kwalbar Tuscan Leather mai mililita 50 ta haura dala 200, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, lissafin kuɗinta kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura. Sai dai haƙura da kwalbar ba ya nufin haƙura da ƙamshin, muddin mutum ya san abin da yake nema.

Matakin farko shi ne ka fahimci cewa babu fatar da aka matse a cikin irin wannan turare. Masu haɗa turare suna gina ƙamshin ne daga wasu abubuwa dabam: baƙin man da ake samu idan aka ƙona ɓawon wani itace da ake kira birch, wanda ke ba da ƙaurin hayaƙi, da wani ƙaro mai suna labdanum da ake tatsa daga wani tsiro na yankin Bahar Rum, da kuma sinadaran da ake haɗawa a masana'anta irin su isobutyl quinoline. Waɗannan kayan haɗi ba mallakar kamfani ɗaya ba ne, ana sayar da su ga duk mai sana'ar, shi ya sa wani kamfani a Dubai zai iya kusantar ƙamshin da ake sayarwa a Landan ko Faris. Wani kaso mai yawa na kuɗin turare mai tsada yana tafiya ne a kan suna da talla da kwalba da hayar manyan kantuna.

Bayan haka sai ka tantance wane ɓangare na ƙamshin ne ya kama ka, domin turarukan biyu ba ɗaya suke ba. Tuscan Leather yana buɗewa da zaƙi mai ɗan tsami na wani jan ɗan itace da ake kira rasberi, tare da za'afaran, sannan fata mai hayaƙi da lubban su biyo baya, kuma yana da ƙarfin da zai cika falo. Ombré Leather ya fi laushi: kadamom ne a gaba, irin wanda ake sa wa gahawa, sai furen yasmin, sai fata mai santsi kamar ta kujerar sabuwar mota. Idan ka shiga shago ka ce kawai kana son mai ƙamshin fata, abin da ke kusa da hannun mai shago za a miƙo maka. Idan kuwa ka ce, "Alhaji, mai fata da za'afaran nake so, wanda ba shi da zaƙi da yawa," to ka rage wa kanka rabin wahala, shi ma ya san ba baƙo ne ya zo ba.

Ga mai neman irin Tuscan Leather, wanda masu turare suka fi ambata shi ne La Yuqawam Pour Homme na kamfanin Rasasi da ke Dubai. Sunan Larabci ne, ma'anarsa abin da ba a iya bijire masa, kuma a ganina shi ya fi cancanta a fara gwadawa, domin yana da rasberi da za'afaran da fata kamar na asali, yana kuma daɗewa a jiki. Ba shi ne mafi araha ba, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na Tom Ford ba. Ƙasa da shi a farashi akwai Toscano Leather na Maison Alhambra, wanda sunansa ma ya nuna inda ya dosa. Shi wannan kamfani yana da Amber & Leather ga mai neman irin Ombré Leather. Masu arahar sukan ɗan yi kaifi a mintunan farko, warin sinadari ya bugi hanci kafin ya lafa, kuma a nan ne aka fi gane bambancinsu da mai tsada. Bayan awa guda kuwa, wanda ya zauna kusa da kai a ɗaurin aure ba lallai ne ya iya bambancewa ba.

A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kai, wato bambanci tsakanin turaren kwaikwayo da jabu. Na kwaikwayo yana ɗauke da sunan kamfaninsa da ƙasar da aka yi shi, bai yi maka ƙaryar komai ba. Jabu kuwa shi ne wanda aka rubuta wa Tom Ford a jiki, aka sa shi a kwali mai kama da na asali, aka ce maka wai rangwame ne ko kayan da aka sauke daga jirgi. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarko a wani shago, inda aka fesa mini daga kwalbar gwaji mai kyau, aka kuma miƙo mini wata a rufe cikin leda. Ranar Juma'a na fesa a gida, kafin in isa masallaci babu abin da ya rage a rigata sai wani wari kamar na sabulun wanki. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma laifin ba na arahar ba ne, nawa ne da na yarda za a sayar mini da doki a kuɗin akuya. Saboda haka ka duba lambar da ke gindin kwalba ka tabbata ta dace da ta jikin kwali, ka duba ko rubutun ya fita tsaf ba kuskuren haruffa, sannan ka nemi a buɗe wadda za ka biya a gabanka. Kada ka ɗauka masu araha sun tsira, domin turarukan Dubai da suka yi suna su ma ana yin jabunsu.

Gwaji a fatar jiki ake yin sa, ba a takarda ko murfin kwalba ba. Ka fesa sau ɗaya a bayan hannu, kada ka murza, ka fita daga shagon domin iskar cikinsa cike take da ƙamshi iri-iri, ka je ka gama sauran cefanenka. Abin da ka ji a minti goma na farko zai wuce, wanda ya rage bayan awa uku ko huɗu shi ne ainihin abin da za ka saya. Kada ka gwada fiye da biyu a rana ɗaya, hannun dama da na hagu, domin hanci yana gajiya. Idan mai shagon yana ɗura kaɗan a ƙaramar kwalba ta mililita 5 ko 10, fara da wannan, ka yi mako guda da shi.

Akwai kuma hanyar da ta fi duk waɗannan sauƙin kuɗi, wato turaren mai da ake aunawa da sirinji a kwalabe masu mililita 3 ko 6 ko 12, ita ta 12 ɗin ce ake kira tola ɗaya. Masu wannan sana'a sukan ajiye man da aka haɗa da sunayen fitattun turaruka, kuma ingancinsa ya danganta ne da yawan sirkin da aka yi masa. Ya dace da wanda ba ya son turare mai sinadarin barasa a jikinsa lokacin salla. Illarsa biyu ce: ba ya tashi nesa kamar na fesawa, kuma yana barin tabo a farar shadda, don haka a wuya da wuyan hannu ake shafa shi. Wanda yake son ƙara masa zurfi zai iya turara kayansa a kabbasa da turaren wuta mai ud ko sandal tun da dare, da safe ya ɗora man a jiki. Hayaƙin da ya kama yadin yana cike gurbin ƙaurin da masu arahar sukan rasa. A guji turaren wuta mai sukari da yawa ko humra mai zaƙi, domin za su danne ƙamshin fatar gaba ɗaya.

Yanayin Kano ma yana da ta cewa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, turaren fata yana tashi da ƙarfin da zai iya hawa wa mutane kai a cikin adaidaita sahu ko sahun salla, don haka fesawa ɗaya ta isa, ko ma a ajiye shi sai bayan magariba. Lokacinsa na gaskiya shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, sai dai busasshiyar fatar jiki ba ta riƙe ƙamshi, shi ya sa ake fara shafa ɗan basilin marar ƙamshi a wurin da za a fesa. Ita kuma kwalbar a bar ta cikin kwalinta a durowa, nesa da taga, kada a ajiye ta a mota, domin zafin rana yana lalata ƙamshin da ke fara tashi idan an fesa turare tun kwalbar ba ta kai rabi ba.