Darasi na 7: Kwalekwalen Su, Zaɓensa da Shiga Ruwa da Shi

A da, su sana'ar Sarkawa ce da sauran masu gadonta a bakin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi. Da aka gina madatsun ruwa, lamarin ya sauya. An kammala Kainji a 1968, Tiga a 1974, Challawa a 1992. Manomin da kakansa bai taɓa riƙe filafili ba, sai ga tafki a bayan gonarsa. Da yawa sun shiga su, kuma sun samu abinci a ciki. To amma wanda bai gaji ruwa ba dole ya koyi abin da ɗan Basarke ke sha tun a nono. Wannan darasi domin irinsa aka rubuta shi.

Wane iri ya dace da ruwanka?

Kafin ka je wurin masassaƙi, fara duban ruwan da za ka yi aiki a kai. Ƙaramin tafki ne ko fadama mai kachalla, irin na yankin Haɗeja da Nguru? A nan ƙaramin kwalekwale mai shafaffen ƙasa ya isa, wanda za ka tura da gwangwala ka ratsa ciyawa. Idan kuwa babban ruwa ne kamar Tiga ko Kainji, inda iska ke tayar da igiyar ruwa, kana bukatar mai faɗi, mai zurfin ciki, wanda goshinsa ya ɗaga sama.

Kwalekwalen sassaƙa daga gungume ɗaya ake fafe shi. Ba shi da mahaɗa, don haka ba ya yawan yoyo, amma siriri ne, yana da saurin juyewa a hannun sabon shiga. Manyan itatuwan ma sun yi wuya yanzu. Na katako ya fi faɗi, ya fi zama daram a ruwa, sai dai kullum yana neman liƙi. Akwai kuma na faiba, mara nauyi, ba ya ruɓewa, kuɗinsa ne dai da yawa. Ga mai fara su, na katako mai faɗi ya fi. Gudun siriri ba zai amfane ka da komai ba ranar da ka miƙe tsaye za ka jefa birgi, wato ragar da ake wurgawa da hannu.

Yadda ake duba na hannu

Yawancinmu na hannu muke saye, kuma a nan ake cutuwa. Kada ka sayi kwalekwale yana cikin ruwa, kada kuma ka saye shi da sabon fenti ba ka bincika ba. Ka sa a jawo shi tudu, a kife shi. Ɗauki ƙusa ka bi ƙasansa kana dannawa, musamman wajen goshi da gindi da inda katako ya haɗu da katako. Itace mai lafiya ƙusar ba ta shiga. Inda ta nutse kamar a ɗanyen rogo, wurin ya ruɓe, ko da an shafe shi da kwalta. Ka ƙwanƙwasa da bayan wuƙa, ka saurara: ƙara mai kauri alamar lafiya ce, ƙara mai kama da ta fanko alamar gara ko ruɓa. Duba kawunan ƙusoshi. Idan tsatsa ta zubo ta yi baƙin zane a jikin katakon, ƙusar ta kusa rabuwa da shi. Tambayi irin itacen. Maɗaci da kawo suna daɗewa a ruwa, farin katako mai araha kuwa damina kaɗan yake yi. Araha ba ta ado.

Bayan haka a mayar da shi ruwa. Share cikinsa tas, ku shiga kai da abokin aikinka da komarku, ku zauna a gefen gaɓa kamar rabin awa. Ka ga yawan ruwan da ya tsattsafo. Ka ga kuma ko yana karkata gefe ɗaya. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a yi wannan gwaji, bar masa kayansa.

Layin lodi

Wannan shi ne zuciyar darasin, malam, a karanta shi sau biyu. Abin da ke tsakaninka da nutsewa shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da bakin kwalekwale. Duk kayan da ka ƙara, tazarar raguwa take yi. Idan ta koma yatsu biyu ko uku, ƙaramar igiyar ruwa ko mutum ɗaya ya gyara zama sun isa ruwa ya kwararo ciki, kuma da zarar ya fara, ba ya jiran ka kwashe.

Ga dabara mai sauƙi. Auna taƙi guda daga bakin kwalekwalen zuwa ƙasa, a tsakiyarsa, ka ja layi da fenti mai haske a gefe biyu. Idan babban ruwa kake shiga, ƙara a kan taƙin. Duk ranar da ruwa ya taɓa layin nan, lodi ya cika. Ko ɗan'uwanka ne ya zo da gudu yana roƙo, ya jira sahu na biyu. Ka tuna kuma da nauyin dawowa: koma idan ta jiƙa ta fi busasshiya nauyi nesa ba kusa ba, ga kifi, ga ruwan da ya taru a ciki. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Bokiti biyu na lita 20 da ka ƙyale a ƙasan kwalekwale, kilo 40 ke nan, nauyin yaro guda da ba ka san ka ɗauka ba.

Mutanen Kano ba za su manta da Bagwai ba. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari, mutum fiye da 20 suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi. Allah Ya jiƙansu. Abin da aka fi ambata a sanadin hatsarin shi ne lodi fiye da kima. Kwalekwalen su ba na fito ba ne, kada a mayar da shi motar haya ranar kasuwa ko ranar biki.

Kayan da ba a barin su a gida

Rigar kariya ita ce ta farko, kuma a jiki take aiki, ba a ƙarƙashin mazauni ba. A ɗaure igiyoyinta sosai, don idan ta yi sako-sako sai ta zame ta kai. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta sa ta, ta kuma hana tafiyar dare. Wasu na cewa ai sun iya iyo. Iyo ba ya ceton wanda katako ya buge a ka, ko wanda sanyin ruwan hunturu ya ɗaure wa jijiya. Kafin ka samu rigar, ɗaura jarka mai lita 25 da igiya, babu komai a ciki, murfinta a rufe gam. Za ta riƙe kanka a saman ruwa, amma ba ta maye gurbin riga, domin sai kana da ƙarfin riƙe ta.

Ka tafi da filafili biyu ko da kana da inji, da ƙwarya ko yankakkiyar jarka ta kwasar ruwa a ɗaure da zare, da tocila, da waya a ƙulle cikin leda. Wuƙa kuwa a ƙugunka za ta zauna. Igiyar birgi tana wuyan hannunka, idan ragar ta maƙale a kututture wuƙar ce za ta raba ka da ita. Babbar riga da takalmi mai nauyi a bar su a gaɓa.

A kan ruwa

Shiga ta tsakiya, a sunkuye, hannu a gefe biyu. Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya. Mutum biyu ba sa miƙewa lokaci guda, ba sa kuma rinjaya gefe ɗaya wajen jan koma.

Kafin ka kwance igiya, dubi gabas. A farkon damina hadari daga can yake tasowa, iska mai ƙarfi na gabansa. Da ka ga ya haɗo, ko ka ji iska mai sanyi ta bugo ka, nufi gaɓar da ta fi kusa, ko da ba ta garinku ba ce. Koma za ta jira. Idan igiyar ruwa ta riske ka, fuskance ta da goshin kwalekwale, kada ka ba ta gefe. Da hunturu kuma hazo kan ɓatar da gaɓa, sai a tsaya kusa.

Madatsun ruwa sun shanye dazuzzuka, kututturan na nan a ƙasa, kuma sun fi haɗari da rani idan ruwa ya ja baya. Je ka gaida Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta, ka tambaye su inda kututture yake da inda dorina ke kwana. Kada ka kusanci ƙofofin madatsa. Ka faɗa wa mutanen gida inda za ka da lokacin dawowarka.

Idan ya kife

Kada ka rabu da kwalekwalen. Na katako yakan tsaya a saman ruwa ko ya cika, kuma masu ceto sun fi hango shi a kan kan mutum. Gaɓa tana yi wa ido kusa alhali da nisa. Idan wani ne ya faɗa, miƙa masa filafili ko ka jefa masa jarka mai igiya. Kada ka faɗa ka rungume shi, mai nutsewa yakan danne mai cetonsa. A jawo shi ta gindin kwalekwale, ba ta gefe ba. Idan an fito da shi ba ya numfashi, kada a tsaya matsa cikinsa ko a ɗaga shi ƙafa sama. A kwantar da shi rigingine, a hura masa iska a baki sau 2, a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, a yi ta maimaitawa. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti a ranar.

Aiki

1. Kwalekwale yana ɗaukar kilo 300 kafin ruwa ya taɓa layi. Masunta biyu, ɗaya kilo 65, ɗaya kilo 70. Jiƙaƙƙiyar koma kilo 60 ce. Kifi kilo nawa za su iya ɗauka?
2. Idan lita 30 ta ruwa ta taru a ciki, kilo nawa ya rage na kifi?
3. Rubuta sunayen wurare uku masu haɗari a ruwan garinku, ka kawo su aji a darasi na gaba.