Yadda ake haɗa gidan 'yar tsana daga tsohon kwalin kayan haɗi a yanayin Katsina

Kwalayen kayan haɗa gidan 'yar tsana kan faɗo cikin kayan gwanjo, ko wani ɗan'uwa ya taho da su tsaraba daga waje. A ciki za ka tarar da fallayen katako da aka riga aka zana wa yanka, da ƙullin ƙananan katakan rufi, da robar tagogi, da takardar umarni. Yawancinsu 'yan Amurka ne na shekarun 1970 da 1980. Na kamfanin Greenleaf da na Dura-Craft filawud ne siriri, kaurinsa kusan milimita 3, kowane ɓangare da harshensa da ramin da zai shiga. Na Real Good Toys sun fi kauri, kusan milimita 9, don haka ba su cika ba da wahala ba. Wannan bayani ya fi shafar siraran, domin su ne iskar garinmu ke wasa da su.

Fara da duba ma'auni. Mafi yawa 1:12 ne, wato inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, ƙofar ɗaki ta zo wajen santimita 17. Akwai 1:24 mai rabin wannan girma. Gidajen Lundby na ƙasar Suwidin kuwa wajen 1:18 suke, shi ya sa kujerarsu ke zama kamar ta yara in an sa ta a gidan 1:12.

Kayan aiki ba su da yawa: wuƙar yanka mai sabon baki, samfefa lamba 120 da 220, farin gam na kafintoci irin Top Bond, salatif na takarda, fensir, rula ta ƙarfe, sukwaya ta awon kusurwa, burushi ƙanana biyu, da tsumma mai ɗan laima.

Kada ka ɓalle komai a ranar farko. Shimfiɗa fallayen, ka gwada su da zanen da ke cikin takarda, ka rubuta wa kowane ɓangare sunansa da lambar fallensa da fensir. Biro da alƙalamin maka suna ɓullowa ta cikin fenti komai yawan shafin da aka yi. Duba kuma ko akwai ƙananan huji da garin katako a gindin kwalin. In akwai, ƙwaro ya shiga, sai a ware wannan falle a shafa masa maganin ƙwaron katako tun kafin ya haɗu da sauran.

Babban aikin shi ne miƙar da katakon. Fallen da ya shekara arba'in a kwali ya riga ya bushe, in kuma ka buɗe shi cikin hunturu, kwana ɗaya ya isa ya gantsare. Dalili shi ne fuskar da ke shan iska tana rigan ɗayar bushewa, sai ta tsuke ta jawo fallen wajenta. Maganin: goga tsumma mai laima a fuskar da ta lotsa ciki, ita kaɗai, ka kifa fallen a kan tebur ko tayil mai santsi, ka ɗora wani katako a kai, sannan ka danne da bulo biyu ko tarin littattafai. Bar shi kwana biyu. Kada ka jiƙa shi sharkaf, tsohon gam ɗin da ke riƙe da sassan filawud zai saki, fatar ta ɗaye. Kada kuma ka shanya shi a rana don sauri. Aikin nan na cikin ɗaki ne, nesa da taga.

Wajen cire sassan daga fallen, bi layin yankan da wuƙa ta gaba da ta baya kafin ka tura da yatsa. Wanda ya tura kai tsaye zai ga bayan katakon ya tsage ya bar zare-zare. Ka goge gefuna da samfefa 120, ka bi da 220. Ragowar fallen da ka cire sassa daga ciki kada ka yar. In wani ɓangare ya ɓata ko ya karye, ramin da ya bari shi ne samfurinka: ɗora shi a kan filawud mai milimita 3, ka zana, kafinta ya yanka maka.

Daga nan sai gwajin haɗi ba gam. Tayar da bango da daɓe da bene duka, ka riƙe su da salatif na takarda. Harshen da ya ƙi shiga, a rage shi da samfefa ko a ɗan faɗaɗa ramin da wuƙa, ban da guduma. A wannan gwaji ne za ka gane lungunan da hannu ba zai kai ba bayan an rufe, musamman ƙarƙashin matattakala. Waɗannan wurare ana yi musu fenti ko takardar bango tun suna kwance.

Fenti ma yana lanƙwasa katako in an shafa a fuska ɗaya. Duk abin da ka shafa a gaba, shafa shi a baya a zama ɗaya, siriri, shafi biyu ko uku, kana bi da 220 a tsakani. Gefunan da za su sha gam a bar su tsirara, domin farin gam ba ya kama fenti da kyau.

Wasu tsofaffin takardun umarni suna cewa a yi amfani da gam na bindiga, mai narkewa. A Katsina wannan shawara ba ta da amfani. Zafin watan Afrilu a ɗakin kwano, ko cikin motar da aka ajiye a rana, yana sassauta shi, bango ya fara zamewa. Farin gam ya fi. A shafa shi siriri, a haɗa, a daidaita kusurwa da sukwaya, a ɗaure da salatif, a share wanda ya tsatso nan take. A hunturu yana yin fata cikin 'yan mintuna, saboda haka bango ɗaya-ɗaya ake yi. A damina kuwa a ba shi cikakken yini da kwana kafin a ɗora masa nauyi.

Robar tagogin asali sau da yawa ta yi rawaya ta kuma yi gautsi. Robar nan mai haske da masu fotokwafi ke sa wa fuskar littafi tana maye gurbinta daidai. A liƙa ta da ɗigon farin gam. Sufa gulu yana barin farin hazo a kanta wanda ba ya gogewa.

Rufi yana cin lokaci. Ja layuka a kwance, tazarar inci ɗaya, ka fara jera ƙananan katakan daga ƙasa zuwa sama, kowane sahu ya hau kan na ƙasa, tsagar wannan sahu ta faɗa tsakiyar katakon wancan. A rina su kafin a liƙa, in ba haka ba duk inda gam ya taɓa zai ƙi shan launi. Gam mai ruwa yana sa su naɗe baki, don haka ɗigo kaɗan, a danne sahun da salatif har ya bushe.

In kwalin ya zo da fitilu, ƙwayayen na bolt 12 ne, amma taransifomar Amurka ta wutar 110 zuwa 120 ce, tamu kuwa 230. Kana soka ta a bango za ta ƙone. Nemi adafta mai fitar da bolt 12, ko ka koma ƙananan fitilun LED masu aiki da batir biyu.

Mai son gidan ya yi kama da namu yana iya cakuɗa yashi mai laushi da aka tankaɗe cikin fenti jaja-jaja ya shafe bangon waje, ya sassaƙa zankwaye ya kafa a kusurwoyi. Tabarma mai tsawon ƙafa shida tana zama santimita 15, ana iya yanko ta daga tsohon faifai ko mafici.

Gidan da aka samu da tsohon fenti a jikinsa, kada a goge shi a bushe cikin ɗaki, domin sai 1978 Amurka ta hana fentin gida mai dalma, wadda guba ce. Ƙananan tukwane da mariƙan ƙofa na ƙarfe ma wasu da dalma a cikinsu, kuma yaro ɗan ƙasa da shekara uku baki yake kai komai. Wurin ajiya ya zama kan kanta, a ɗan janye daga bango, a riƙa leƙa ƙarƙashinsa lokacin damina saboda gara.