Yadda za a kalli husufin wata a Yamai, a kuma gane duniyoyin da ke kusa da shi

Husufin wata ba ya aukuwa sai daren sha huɗu ko sha biyar, lokacin da duniya ta shiga tsakanin rana da wata. Ido kawai ya isa, ba ya cutarwa kamar na rana.

Fara da gyara agogo. Jadawali yakan zo da agogon GMT, na Nijar kuwa ya ɗara shi da awa 1. Husufin 20 ga Disamba 2029 zai kai tsakiya wajen ƙarfe 11:40 na dare agogonmu, wata yana can sama. A fita da wuri, domin inuwar duniya takan ɗauki awa guda ko fiye tana cin gefen wata kafin ta rufe shi. Sannan ya rine ja kamar garwashi, saboda iskar da ke kewaye da duniya tana karkato masa jan haske kaɗai.

A nisanci fitilun titi. Bayan gari ta hayin Harobanda ya fi tsakiyar birni. A bar ido minti 20 cikin duhu. Duba waya sau ɗaya yakan ɓata wannan. Hazon hunturu ne babbar matsala: yana shafe abin da ke ƙasa-ƙasa, na sama ne ke tsira.

Da wata ya dushe, taurari sukan fito. Tauraro yana ƙyaftawa, sauran duniyoyi masu kewaya rana kuwa haskensu tsaye yake. Marriku (Mars) ja ne, shi ne ya tsaya kusa da wata a husufin 27 ga Yuli 2018, wanda rufewarsa ta kai awa 1 da minti 43. Mushtari (Jupiter) fari ne fat, Zuhalu (Saturn) kuma rawaya-rawaya mara ƙarfi. Wanda ya ce ga Zara matar wata a gefensa ya yi kuskure: ita ba ta nisa da rana, cikakken wata kuwa yana ɗaya gefen sama. Manhajar Stellarium mai nuna taswirar sama za ta nuna duniyar da ke kusa da wata a daren.

Madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, samfurin 10x50, yana nuna watannin Mushtari huɗu, amma sai an dafa gwiwar hannu a kan katanga, in ba haka ba hoton rawa zai yi ta yi. Zoben Zuhalu sai babban madubi mai ƙafa.

Mai ɗaukar hoto da waya ya kashe filasha, ya jingine ta, ya sa ta ɗauka bayan daƙiƙa 3.